Fatar Maraƙin Jika

Saniyar ta ɗaga ƙafa ta harbi ƙwaryar, ta gangara ta kife a gindin danga. Ba abin da ya zube, don ba komai a ciki. Halidu ya ɗauko ta ya kaɗe ƙasa, ya sake tsugunawa, ya shafa hantsar yadda aka koya masa, ya ja nono ɗaya, ya ja na biyu. Hantsa cike take tam, har ta yi tauri, amma ko ɗigo. Saniyar ta juya kai wajen turken da babu kowa ta yi wani dogon kuka. Daga cikin ɗaki 'yarsa ta amsa da nata, wanda tun jiya ya fara shaƙewa.

Halidu manomi ne ɗan manomi, a wata 'yar tunga kan tudu can bayan Galma. A ba shi hauya ya wuni bai ɗago ba, amma saniya, in ban da bana, bai taɓa kusantarta ba sai da sanda, ya kore ta daga gona. Da kaka matarsa Zaliha ta yi haihuwar fari, shekarar da rumbu ya cika har ana neman inda za a sa dami, shi ya sa kakar yarinyar ta yi mata laƙabi da Yelwa. Zaliha ta gama wanka a gidansu ta dawo fes, sai zazzaɓi ya kwantar da ita cikin sanyi. Ta tashi, amma nono bai tashi tare da ita ba. An sha kunun kanwa, an sha saiwoyi, an sha rubutu, shiru. Mace ɗaya ce mai goyo a tungar, Hajo, ita kuwa tagwaye gare ta, da kyar take isarsu. Awaki sun ƙafe. Da aka gwada wa yarinyar koko, yadda ya shiga haka ya fito.

Jika ne ya fid da su. Bafillace ne da ke sauke shanunsa a gonar Halidu kowace kaka, su ci kara su bar taki, kamar yadda ubansa ya yi da uban Halidu. Da labari ya kai masa, bai aiko da jaje ba. Wata safiya kawai aka gan shi janye da jar saniya, maraƙi na bin ta. Ya ɗaure su, ya ce saniya tasa ce shi Jika, maraƙi ma nasa ne, nono na yarinya ne har ruwa ya sauka. Ya nuna wa Halidu yadda ake yi: a saki maraƙi ya fara tsotsa, in nono ya sauko a janye shi gaban uwar tana lasarsa, a tatsi biyu, a bar masa biyu.

Da fari Halidu ya kiyaye. Amma bazara ta yi ta tsananta, ciyawa ta ƙare, nono ya ragu, yarinya kuwa cikinta ƙaruwa yake. Biyu suka koma uku. Wata safiyar ma, in kukan ya yi yawa, yakan zarce na huɗun yana kawar da kai. Ba mugunta ba ce, kuma shi ma ya san ba daidai ba ne. Maraƙi ya rame, zawo ya kama shi, shekaranjiya da la'asar ya faɗi bai tashi ba, Halidu ya yi maza ya sa masa wuƙa.

Sai kunya ta rufe shi. Da wane ido zai dubi Jika? Ya kwana yana juya abin, da asuba dabara ta zo masa, irin dabarar da mai ita ke jin ba a taɓa yin kamarta ba. Makiyayi a bazara ba abin da yake bukata kamar guga. Jiya kasuwar Madawa ta ci, ya naɗe fatar ya kai wa Aƙilu majemi a jeme ta a yi guga, don ranar da zai je da mugun labari kada ya je hannu biyu. Ya dawo yana jin ya yi abin kai. Bai san tun daga lokacin saniya ta rufe hantsarta ba.

Zaliha ta fito bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa. Ta dubi ƙwaryar, ba ta tambaya ba. Ta ce ya kamata ya gangara wurin Jika. Ya ce ai ya gaya mata, so yake a gama gugan tukuna, kuma wataƙila zuwa maraice saniyar ta huce.

Ta ce, “Maigida, ita wagga ba ta jiran guga.”

Ya kalli yarinyar. Bakinta ya bushe, maɗigarta ta ɗan faɗa. Ya rataya ƙwaryar a danga ya ɗauki sandarsa.

Ya iske Jika a rijiyar fadama, shanu sun kewaye kwamin ban ruwa, kowace ƙashin haƙarƙarinta a waje. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da zafi da dabbobi, Halidu na ja mata rai don kada ta ƙare. Da ta ƙare ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kallon igiyar guga. Duk hanya ya shirya amsar da zai bayar in an tambaye shi nono nawa yake bar wa maraƙin. Jika bai tambaya ba. Ya juye ruwa a kwami, ya tsaya har wata saniya ta sha ta ɗago.

Ya ce, “Wanda ya ba da shi ya amshi abinai. Ina hwatatai?”

Nan fuskar Halidu ta washe. Ya ce ai fata tana hannu mai kyau, ya ba da labarin Aƙilu da guga, har yana nuna faɗinta da hannu. Jika ya saki igiya ya dube shi, irin duban da ake yi wa wanda ya zuba iri a tukunya ya dafa.

Sa'an nan ya yi masa bayani a hankali, kamar yana magana da yaro. Irin waɗannan shanu ba su sakin nono sai sun ji warin ɗansu. In maraƙi ya mutu, ba a wanke fatarsa, ba a kai ta ko'ina. Cusa mata ciyawa ake yi a tsayar, a kawo gaban uwar lokacin tatsa. Kowane yaron ruga ya san haka, shi ya sa bai taɓa zaton sai ya faɗa ba. Halidu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai wata saniyar. Jika ya nuna masa garken da haɓa. Masu ƙarfi ƙanensa ya yi kudu da su neman ciyawa, cikin waɗanda suka rage ɗaya ce ke ɗiga, ita ce kuma ke riƙe da nasa 'ya'yan.

Jika ya ce, “Tahi ka amso ta. In ta shiga toka gashi ya zube, an gama. Ni ina hawowa tunga in na gama ban ruwa.”

Halidu bai bi hanyar mota ba. Kwanakin nan gardawa, dogaran kumandan Baturen mulki, na tare duk namijin da suka gani a kanta, su sa shi jidon duwatsu, kuma ba a gaya wa gardi cewa ana sauri. Ya bi ta busasshiyar ƙorama, rairayi na ƙona masa ƙafa ta cikin takalmi. Abu ɗaya ke kwantar masa da rai. Duk ƙasar an san Aƙilu da jan aiki: ka kai masa fata da kaka, in ka yi sa'a ka karɓa da wata kakar, kullum gobe. Fatarsa tana nan a naɗe inda ya ajiye ta, ko shakka babu. Ya yi nisa da wannan tunani kafin ya tuna cewa jiya shi da bakinsa ya roƙi tsohon, ya haɗa shi da Allah, har ya ba shi cinyar maraƙin don ya sa aikinsa gaba. Ya ƙara sauri.

Ya shiga Madawa rana tsaka. Kasuwa ta watse tun jiya, rumfuna wayam, sai ungulaye a mahauta da wani kamyo, babbar motar kaya, da ake loda wa fatun awaki. Ya zagaya bayan gari. Majema ba ta bukatar a yi wa mutum kwatance, hanci ke kai shi.

Aƙilu na zaune a inuwar bagaruwa yana kankare wata fata a kan turmi. Yana ganin Halidu ya miƙe da fara'a, abin da ba ya yi wa masu zuwa bin aiki. Ya ce yau dai ba wanda zai ce Aƙilu ya yi gobe. Tun jiya kafin rana ta faɗi ya jiƙa fatar, ya tsoma ta a ruwan toka. Ya ja Halidu bakin wata kwatarniya da aka binne a ƙasa, ya sa sanda ya tsamo ta, ya shafa da yatsa don ya nuna aiki ya yi kyau. Jan gashin ya biyo yatsan kamar dusa.

Halidu ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, cikin ƙazantar majema, bai ma lura ba. Tun da ya fito gida sai yanzu ya ji tsoro na gaske, tsoron cewa yarinyar nan za ta mutu, kuma da hannunsa ya yi komai, daga tatsa har kawo fata.

Aƙilu ya tambaye shi lafiya. Ya gaya masa. Tsohon ya fara dariya, don abin da dariya, majemi ya yi sauri sau ɗaya a rayuwarsa ya zama ɓarna. Da ya ji zancen yarinya sai dariyar ta tsaya. Ya sosa gemu, ya dubi kwatarniya, ya dubi shingen ƙaya da ke bayansu.

Ya ce, “Tsaya, ɗana. Ba duka tas shiga ba. Wutsiya da ƙahwahu ban jeme su, yankewa nike in yas.”

Suka bi shingen suna leƙe, tsoho da saurayi, kowa da sanda. Ƙafafun karnuka sun riga su. Amma wutsiyar, da Aƙilu ya wurga ta, ba ta kai ƙasa ba, ta maƙale a saman ƙaya inda kare bai isa ba. Ta bushe ƙamas, tururuwa sun hau ta, ga kuma ɗan yankin fatar gindi kamar tafin hannu manne da ita, gashinsa ja bai taɓa toka ba. Halidu ya ciro ta, ƙaya ta tsage masa hannu bai ji ba. Aƙilu ya ɗauraye babbar fatar da ruwa mai kyau, ya matse, ya haɗa masa da basilla da tsirkiyar fata. Ya ce ya je, in abin ya yi a aiko masa, in bai yi ba kada a gaya masa.

Rana ta yi ja lokacin da ya hau tudu. Tun daga nesa ya kasa kunne. Ya ji saniya, bai ji yarinya ba. Zaliha ta tare shi a ƙofa ta ce barci take, Hajo ta ɗan ba ta da azahar, Jika kuma ya zo da ɗan abin da bai cika ludayi biyu ba, daga rabon 'ya'yansa. Ya ƙare tun ɗazu.

Jika na tsugune bayan rumbu, ya riga ya sare sanduna huɗu ya tara tattaka, busasshiyar ciyawar da za a cusa. Ya warware fatar, ya dube ta, rabi sanƙo rabi gashi, ya kai hanci ya kawar da kai. Sai Halidu ya fito da wutsiyar daga aljihu. Ya karɓa, ya sansana, ya ce to.

Suka yi aikin tare. Jika ya aiki Halidu ya kwaso ƙasar turke, daidai inda maraƙin ke kwanciya, ya kwaɓa ta da kashin saniyar ya murje fatar ciki da waje don ya kashe warin toka. Suka cusa tattaka, suka ɗinke ciki, suka soka sanduna. Jika ya ɗinka wutsiyar a mazauninta, ya barbaɗa mata garin kanwa. Da suka tsayar da abin, ba kai, ba wuya, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ciki ya bultso gefe guda. Zaliha ta leƙo ta gani, dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen zane. Halidu ya daɗe bai ji dariyarta ba, amma shi kam ba ta zo masa ba. Maƙwabta sun fara jeruwa a bakin danga, Jika ya roƙe su su ja baya, ya ce saniya ba ta son taro.

Ya sa Halidu ya tsuguna da ƙwarya a gefen hantsa, ya ce kada ya taɓa sai ya ga alama. Shi kuma ya koma bayan rumbu ya yi kukan maraƙi, siriri, daga maƙogwaro. Saniyar ta ɗaga kunnuwa, ta ja igiya har turke ya motsa. Ya fito da abin a hankali, a sunkuye, yana tura shi gaba. Ta miƙa wuya ta sansana haƙarƙarin, wajen sanƙon. Ta yi atishawa, ta ja da baya, ta kaɗa ƙaho.

Halidu ya fara addu'a a zuci, ya rasa wadda ta dace da irin wannan, sai ya yi ta maimaita sunan Allah kawai.

Jika bai yi gaggawa ba. Ya yi mata magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa, yana sosa mata wuya, sa'an nan ya juya abin ya ba ta gindin. Ta kai hanci kan wutsiyar. Ta daɗe a wurin, tana jan numfashi tana saki, har tattakar ciki na motsi. Ta yi wani ɗan gunji wanda bai fita waje ba. Sai ta fid da harshe ta lasa, ta sake lasa, ta shiga lasa babu tsayawa, abin na tangaɗi Jika na tare shi da gwiwa. Ya ɗaga wa Halidu gira.

Jan farko ba komai. Na biyu wani siririn zare ya bugi gindin ƙwarya. Daga nan sai ya ɓalle, har yana kumfa, ɗumi na hawa hannunsa. Halidu ya yi ta tatsa, hawaye na zubo masa, ya rasa hannun sharewa.

Da ƙwarya ta yi rabi ya ce a hankali, don kada saniyar ta ji, “Ta yarda shi na.”

Jika ya ce, “Kaɗo ke nan. Wadda ta san kukanai cikin garke guda, ita za a ruɗa da tattaka? Ta sani sarai. Abin lasa taka biɗa.”

Halidu ya tatsi biyu ya tsaya, kamar yadda aka koya masa, ya ɗago yana jiran a ce ya isa. Jika ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, ba kuma murmushi.

Ya ce, “Ci gaba. Yanzu duka huɗun naka na.”

Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuya ya tatse sauran biyun, bai sake ɗagowa ba sai da hantsa ta yi laushi.

Jika ya ƙi tsayawa cin tuwo, ya ce shanu na jiransa. Ya bar umarni: safe da maraice a fito da shi, da an gama a ɗauke, kada a bar shi gabanta ta saba. A kiyaye shi daga karnuka da gara, a riƙa ƙara kanwa. In an yi hattara zai kai su damina. Halidu ya raka shi har bakin gangare, suka yi sallama kamar kullum.

Da ya dawo Zaliha ta riga ta shige da ƙwaryar. Abin na tsaye a tsakar gida a karkace, wani kare har ya fara zagaya danga. Ya sungume shi a hammata, ba nauyi, ya nufi ɗaki. Kullum a bakin ƙofa yake miƙa ƙwarya ya wuce gona ko rijiya, don ba a san uba da tsayawa kallon 'yar fari ba. Yau ya ɗaga asabari ya shiga.

Zaliha na zaune a bakin gado, ta sa yarinyar a nono. Ya tsaya, ya ɗauka idonsa ne. Sai ya ga ludayin a hannunta. Tana ɗibar madarar tana tsiyayawa kaɗan-kaɗan daga saman ƙirjinta, tana gangarowa ta bi fata har bakin yarinyar, ita kuma tana tsotsa da ƙarfinta, ido a rufe, hannu ɗaya riƙe da zanen uwar. Ana jin haɗiyarta.

Ya tambaya tun yaushe take yin haka. Ta ce tun ranar da aka kawo saniya. In aka ba ta a ludayi furzarwa take, sai ta nan take karɓa. Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba, tana lura kada ɗigo ya kauce.

Akwai tambayar da ta zo masa har baki, ko ita ma yarinyar ta sani, ya dubi yarinyar, ya dubi uwar, ya haɗiye ta.

Zaliha ta ce, “Kak ka tsaya nan da shi, kana tare mani haske. Nema mai wuri.”

Ɗakin ɗaya ne, kuma ba wani wuri a cikinsa. Ya matsar da tulu, ya ɗauke hauyarsa ya fitar waje, ya tsayar da maraƙin tattakar a gefen gado, wajen ƙafafunsu. Ya ga yana neman faɗuwa, ya tsuguna ya gyara masa doguwar ƙafar har ya tsaya daidai.